Ɗigo Uku a Ƙirjin Eladio

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Yau ma ya fita. Eladio, mijina, mutumin da sai na yi da gaske kafin ya bar shagonsa na gyaran kujerun lilo ya raka ni ko coci, yanzu kullum wanka yake tun kofi bai tafasa ba, ya zura riga ya ce zai je ganin katako a unguwar Villa Consuelo. An shiga sati na biyu ke nan. Katakon dai har yau bai biyo shi gida ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lokacin da ya zaɓa. Hasken da nake aiki da shi ta tagar ɗakin baya yake shigowa, da hantsi, a kaikaice, kuma ba ya daɗewa. Idan ya faɗa kan fatar mutum daga gefe babu abin da ke ɓuya. Kowane rami, kowane tabo, kowace jijiya sai ta tashi da inuwarta. Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗaukar jikin mutumin nan a wannan hasken, kusa-kusa: tafin hannu, gwiwar hannu, gadon baya. Hoton aure da na baftisma su ke ciyar da mu, amma wannan shi ne aikina. Don Plinio, mai zauren nunin hotuna, ya ba ni zaurensa a farkon Afrilu, karo na farko da za a rataye hotunana ni kaɗai, kuma saura na ƙirji ban ɗauka ba. Eladio ya sani sarai. Hasken na shigowa, shi yana fita.

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Katako.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Na dawo daga coci da tokar farkon azumi a goshi, na dafa shinkafa da wake da kifi. Na kankaro masa ƙanzon tukunya, na malala ruwan wake a kai yadda yake so. Mutumin da ya taɓa yin gaba da yayansa a kan ƙanzo! Ya ɗan gutsura, ya daɗe yana juya shi a baki, ya kora da ruwa, ya ture farantin.

Na ce, "Lafiya, tsoho?"

"Na ƙoshi, tsohuwa."

"Da me? Da katako?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai azumi ya kama, gara mutum ya rage ciki. Eladio da azumi, wanda ko ranar Juma'a Mai Tsarki sai na ɓoye masa tukunyar nama. Ni dai a sanina, in ya bar ƙanzo to ya ci a wani wuri. Na juye wa kare.

Asabar, 8 ga Maris, da tsakar rana

Yau babu katako. Na cafke shi kafin ya sulale shago, na ja shi ɗakin baya. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, amma sai da na yi ta magana kafin ya cire riga. Rigar ma sabuwa ce, farar auduga, burmemiya, ban san ranar da ta shigo gidan nan ba. Wani ya fara kwalliya da tsufansa.

Na ɗauko man kwakwa. Kullum sai na ɗan shafa masa kafin in ɗauka, ba da yawa ba, domin fata mai duhu in ta bushe shanye haske take yi, in ta ɗan sami maiƙo kuwa sai ta mayar da shi. Hannuna bai kai ƙirjinsa ba ya ja da baya kamar garwashi na ɗauko.

"Kada ki shafa min."

"Tun yaushe?"

"Ƙaiƙayi yake sa ni."

"Man da nake shafa maka tun kanka na baƙi, yau shi ne mai ƙaiƙayi?"

"Nurys, ki ɗauka haka ko ki bari."

Na ɗauka haka. Da can in ina aiki bakinsa ba ya hutawa. Wai in ɗauki fuskar mana, ai ita ce mai kyau. Wai duk Santo Domingo babu magidancin da aka san haƙarƙarinsa ba a san hancinsa ba sai shi. Yau shiru. Ina sauke kyamara ya mayar da riga har da ɓalla maɓallin wuya, ya je ya kwanta. Da rana tsaka, ranar Asabar, abokan wasansa na domino na ta ƙwala masa kira daga shagon kan kwana.

Lahadi, 9 ga Maris, da yamma

An kawo wuta, na zauna gaban kwamfuta na buɗe na jiya. Sun yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sai dai ƙura ta shiga min kyamara. Ɗigo ne ƙanana, baƙi mai ɗan shuɗi, ko kan allura bai kai ba, ɗaya a hoton tsakiyar ƙirji, ɗaya a kowane hoton gefe. Dusar katakon shagonsa ce, har cikin sukari nakan tsince ta. Na goge su ɗaya bayan ɗaya, na share gilashi, na hure cikin kyamarar.

Tsakiyar ƙirjin kuma ya fi sauran wurin duhu. Ƙila na karkata farin kwalin da nake mayar da haske da shi. Na gyara wannan ma, ina jin haushin kaina. Kuskuren 'yan koyo ne.

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Ya fita. Asabar da Lahadi babu katako, Litinin zuwa Juma'a akwai. Na zauna da kofi a hannu ina tunani: wace irin mace ce ba a samunta a ƙarshen mako? Mai miji. Mijin da ke fita aiki da safe.

Na rubuta, na karanta, na ji kunya. Ban soke ba.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Na kai wa Don Plinio ƙananan hotunan da na wanke ya gani. Tsohon malamin zane ne, ba ya taɓa hoto sai da farar safar hannu, kuma ba ya iya kallon abu bai yi wa'azi a kai ba. Ya jera su a tebur, ya saka tabarau, ya cire, ya sake sakawa.

"Doña Nurys, kin san abin da nake gaya wa ɗalibaina? Tsakanin hoton fasaha da hoton da likitan fata ke ajiyewa, haske ne kawai."

Na ce, "Da wanda ya riƙe kyamarar."

Ya ce in rage kaifin hasken, in rataya labule shara-shara a tagar, fatar ta ɗan yi laushi. Na ce masa haske mai laushi maroƙi ne, kowa ya gani yabo yake, ni ba na aiki da shi. Ya ce matan da ke zuwa buɗe nuni za su yi gunaguni wai an rataye tsiraici a bango. Na ce ya matsa kusa ya duba. In kyamara ta matsa sosai tsiraici ƙarewa yake, fata ce ke saura, kuma fata kowa da ita ya zo.

Sai ya kai kan na haƙarƙari, na ranar Asabar. Ya ɗaga shi sama.

"Wannan! Dubi inuwar da ke tsakani, kamar kunyoyin gona. Wannan shi za mu saka a bakin ƙofa. Amma a na bara ba haka maigidan yake ba. Me kika yi masa, horon yunwa?"

Na ce azumi ne. Muka yi dariya. Kaina a kumbure na dawo gida, har na sayi wa Eladio soyayyar ayaba a hanya. Tana nan kan tebur.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Ina shanya a tsakar gida, shi yana shago, bango ɗaya ya raba mu, ya ɗauka ina kasuwa. Wayarsa ta yi ƙara. Ya sassauta murya kamar ɗan makaranta a gaban malama.

"Na'am, Yudelka. Gobe da wuri, ba zan makara ba. A'a, ban shafa komai ba, yadda kika ce. Ba ta sani ba. A'a. Tukuna dai."

Sabuwar rigarsa ce a hannuna. Na matse ta har yatsuna suka yi ciwo. Ashe ita ce ba ta son warin man kwakwa. Ni kuma sunana ya koma "ba ta sani ba".

Juma'a, 14 ga Maris, da safe

Yudelka. Sunan ma na yarinya ne, sa'ar ɗiyarmu.

Lahadi, 16 ga Maris, da tsakar rana

Na koma kan hotunan asali, waɗanda ban gyara ba, don in zaɓi na gefen hagu, sai wani abu ya tsaya min. Ƙurar cikin kyamara wuri ɗaya take zama. Ko me ka ɗauka, tana nan a kusurwarta ba ta motsi. Wannan na fi shekara nawa da saninsa. Amma ɗigon nan yawo suke. Inda ya juya sun juya da shi, inda ya ɗaga hannu ɗigon ya hau.

Ba a kyamarata suke ba, a jikinsa suke. Na ƙara girman hoton har fatar ta koma kamar busasshiyar fadama. Tawada ce a ƙarƙashin fata, da allura aka zuba. Ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya ƙasan kowace hammata, a jere daidai kamar an sa ma'auni.

Zanen jiki, mutum ya haura sittin! Wanda ya hana ɗiyarmu huda hanci. Ko dai alamarsu ce shi da ita, ko kuma ta kai shi wurin bokaye masu kyandir da kwalabe an ɗaure mata shi. Na fi yarda da na biyun, domin Eladio cikin hankalinsa ba ya barin allura ta kusance shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Jikin nan na fi mai shi saninsa. Wata ta zo ta yi rubutu a kai, ni kuma na zauna na goge mata.

Talata, 18 ga Maris, da yamma

Ya dawo daga "katako", ya sha ruwan miya kawai, ya kwanta. Yanzu da riga yake barcin rana, shi da ko taga a buɗe yakan ce zafi. Na jira ya yi nisa. Na ɗauko gilashin da nake duba hoto da shi, na ɓalle maɓalli biyu a hankali.

Ɗigon na nan. Amma ba shi na tsaya kallo ba. Duhun da na ɗora wa farin kwali laifinsa, a fatar yake. Ta yi baƙi, ta bushe, ta fara saɓulewa ta gefe, kuma bakin wurin a miƙe yake sambal, da kusurwoyi. Rana ba ta ƙona mutum haka.

Ya farka ya riƙe min wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba.

"Bari, Nurys."

Na jira ya yi wasa, ya ce ko a barci ma ba zan bar shi ya huta ba. Bai yi ba. Ya mayar da maɓallan ya juya wa bango.

Ƙila wani mai ta ba shi ya ƙone shi. 'Yan matan yanzu da shafe-shafe.

Laraba, 19 ga Maris, da hantsi

Na bi shi. Na ɗaura ɗankwali, na saka baƙin tabarau kamar ɓarauniya, na hau acaɓa na ce wa mai babur ya bi a hankali. Ya ce, "Doña, mijin ne?" Na ce ya kalli gabansa.

Bai nufi Villa Consuelo ba. A tashar motocin haya ya tsaya, kuma akwai mace tana jiransa. Na cire tabarau. Fior ce. Ƙanwarsa Fiordaliza, mai ɗinki, wadda ta riƙe ɗiyarmu a baftisma, wadda muke kiran juna komadre, wadda ta ci abinci a gidana ranar Lahadi. Ta gyara masa wuyan riga, ta ba shi gorar ruwa, suka shiga mota tare. Wato har 'yar rakiya gare shi.

Mai babur ya ce, "Mu bi?" Na ga motar da suka shiga. Na san hanyar da take bi, ita muka yi ta bi da Mama a shekararta ta ƙarshe, tana jinya. Na ce ya mayar da ni gida, rana ta yi zafi.

Alhamis, 20 ga Maris, da safe

Akwai otal-otal ma a wannan hanyar. Da yawa ma kuwa.

Juma'a, 21 ga Maris, da yamma

Na je wurin Fior. Tana kan keke tana ɗinki, bakinta cike da allurai. A kan igiya ga wata farar riga burmemiya, irin nasa sak, ba a saka mata maɓalli ba tukuna.

"Komadre! Wace iska ce? Shigo, akwai kofi."

"Ba kofi ya kawo ni ba. Rigar wa ce wannan?"

"Ta wani ce."

"Wanin yana da ɗigo uku a ƙirji?"

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta fara cire alluran daga baki ɗaya-ɗaya, tana soka su a matashi, kamar an ce aikin yini ne.

"Ki tambayi mijinki."

"Mijina katako yake saye. Ke nake tambaya, tunda ke ce mai kai shi. Kin ci shinkafata, kin sumbace ni a kumatu, kina raka yayanki wurin karuwa. Wace ce Yudelka?"

Sai ta fashe da dariya. Na ɗaga hannu, Allah ya sani na ɗaga. Kafin in sauke dariyar ta juye ta zama kuka, ta kifa kai a kan keken.

"Yudelka kaka ce, komadre. Jikokinta sun fi nawa. Ita ke kula da injin."

"Wane inji?"

"Ya rantsar da ni da kabarin uwarmu. Ya ce sai an buɗe nuninki. Ya ce shekara ashirin kina jiran bangon nan, ba zai ɓata miki shi ba."

"Wane inji, Fior?"

Ta faɗi sunan ciwon. Sau ɗaya zan rubuta shi: daji. A huhu. Gashi da wutar inji ake masa a asibiti, Litinin zuwa Juma'a. Ɗigon alama ce da suka yi masa don wutar injin ta riƙa sauka wuri ɗaya kullum. An hana shi shafa mai kafin ya je. Gashin ne ya ƙona masa hanyar abinci, shi ya sa haɗiya ke masa wuya. Ta ci gaba da magana, tana faɗin abin da likita ya ce, na ce mata ban tambaye ta wannan ba.

Na zauna a kan tarin yadi. Ta kawo kofin. Na sha.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Da ma a ce mace ce.

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Ban gaya masa ba. Na dafa wake mai zaƙi na azumi, na niƙe shi lukui, na tace, madara da yawa, ban saka dankali ko biskit ba. Ya kalli kwanon, ya kalle ni.

"Yau ina kayan cikin?"

"Sun yi tsada."

"Tun yaushe kike jin tsada?"

"Tun da ka fara sayen katako kullum."

Ya sha rabi. Ina kallon maƙogwaronsa duk haɗiya ɗaya, ina yi kamar kare nake kallo. Shi ma yana satar kallona. Ya san na sani? Fior ta kira shi? In ta iya ɓoye min wata guda, za ta iya ɓoye min wannan ma. Yanzu kowa zargi nake. Abokan domino da suka daina kiransa, sun sani? Matar mai shago da ta tambaye ni jiya ya maigida, me take nufi? Ɗiyarmu da ta kira daga New York sau biyu a sati ɗaya?

Litinin, 24 ga Maris, da hantsi

Ya fita. Na ce ya gaida masu katako. Ya ce za su ji.

Hasken ya shigo ɗakin baya ya faɗa kan bango, babu kowa. Na buɗe tsofaffin hotuna ina komawa baya. Na Janairu, wanda na ɗauki kafaɗa. Akwai rami a saman ƙashin wuya, zurfinsa har inuwa ta taru a ciki. Na tuna ranar. Na ce masa, "Tsoho, tsufa ya yi maka kyau, dubi wannan ramin." Tari yake yi a ranar har sai da na jira ya lafa, na ce dusar katako ce, ya rage shaƙa. Na Nuwamba ramin bai kai haka ba. Na Agusta babu shi.

Komai na nan a jere, da kwanan wata. Ni da nake cika baki cewa haskena ba ya ɓoye komai, gaskiya ne, bai ɓoye ba. Na gani, na yaba, na kai wa Don Plinio.

Tsoro nake ji. Na rubuta.

Laraba, 26 ga Maris, da yamma

Don Plinio ya aiko a kai babban wankin hoton bakin ƙofa. Na kai masa na asali, wanda ban taɓa ba. Ya saka safar hannu, ya sunkuya, ya kai yatsa zai kaɗe.

"Doña Nurys, akwai ƙura a nan."

"Ba ƙura ba ce."

"Kuma tsakiyar ta yi duhu. Na rannan ya fi tsabta."

"Na rannan ƙarya ne."

"Mutane za su ce kashin ƙuda ne, za su ce ba mu iya aiki ba. To in ba ƙura ba ce, mene ne?"

"Nasa ne. Kuma ban ce za a rataye ba tukuna, sai na tambayi mai ƙirjin."

Ya cire tabarau ya dube ni. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa tambayar mai ƙirjin komai ba, shi ma ya sani. Bai yi wa'azi ba. Ya naɗe hoton da kansa, ya raka ni har titi, ya tsayar min da mota.

Alhamis, 27 ga Maris, da yamma

Tun yana wanka na shirya. Na saka rigar zuwa coci, na cika gora da ruwa, na zauna a kujerar lilon da ke bakin ƙofa. Kyamara na bar ta a akwati. Ya fito yana ɓalla maɓalli, ya ja ya tsaya.

"Ina zuwa, tsohuwa?"

"Ganin katako. Katakon da ake zuwa gani kullum ba a saye, ai ya cancanci in gan shi da idona."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a ɗaya kujerar, a hankali, yana dafa gwiwa.

"Fior," in ji shi.

"Ka bar Fior, saura kaɗan in mare ta. Sati biyu ina tsine wa wata Yudelka, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni? Da wannan ƙarfin? Kin girmama ni, Nurys."

"Don nuni ka yi min haka? Don bango da ƙusa?"

"Haka na gaya wa Fior."

"To ni me za ka gaya min?"

Ya kalli hannuwansa. Ya ce, "Tun da na aure ki, babu ranar da ba ki kalle ni kamar wani abin mamaki ba. Ni, kafinta, mai tumbi. Ko gwiwar hannuna sai ki tsaya a kai rabin safiya. Na san ranar da kika ji, wannan kallon ya tafi. Na so in ƙara kwana biyu a cikinsa, shi ke nan." Ya ɗago ido. "Ga shi kuwa. Tun Lahadi kallon majinyaci kike min."

Na ce ya tashi kada mu makara.

Fior na tasha. Da ta gan mu tare ta yi alamar gicciye, ta miƙa min jakarsa, ta juya gida.

Wurin a ƙasan bene yake, da sanyi, fitilun sama farare fat, irin hasken da ke mayar da kowa gawa. Yudelka ta fito, gajeriya, mai jiki, furfura ta cinye mata kai, tabarau rataye a wuya.

"Don Eladio, yau an yi baƙuwa? Ke ce mai hoton! Godiya ga Allah, na gaji da riƙe asiri. Kullum ina ce masa ya gaya miki, kamar da bango nake."

Na gaishe ta hannu biyu. Ita ba ta san dalili ba.

Ba a barin 'yan'uwa su shiga, amma ta ce in tsaya bakin ƙofar ɗakinta, daga nan ana hango allon da take kallonsa. Aka rufe shi shi kaɗai a ciki, bayan wata ƙofa mai kauri. A allon na gan shi kwance, babu riga, hannuwa sama da kai, siraran layukan koren haske sun gitta a kan ɗigon. Ƙarami ya koma. Ban taɓa ganinsa daga nesa haka ba.

Yudelka tana danne-danne tana min hira. "Kin san mijinki ya fi kowa a nan? Wasu sai su yi ta motsi, mu yi ta sakewa. Shi kuwa in na ce ya tsaya, kamar an dasa shi. In na ce ya riƙe numfashi, ko gashin ƙirjinsa ba ya rawa. Na tambaye shi ko soja ne, ya ce a'a, matarsa ce ta horar da shi, wai in kyamara ta matso kusa ko numfashi ɓata hoto yake."

Ta sunkuya kan abin magana. "Don Eladio, ja numfashi. Riƙe."

Ƙirjin ya tashi ya tsaya cak. Injin ya fara ƙara, yana zagaya shi a hankali. Na kafa masa ido. Ban nemi inuwa ba, ban nemi inda hasken ya faɗa ba, shi kawai nake kallo, mijina, ina roƙon Allah ya bar min shi ko da wane irin jiki ne.

"To, saki."

Ƙirjin ya sauka. Yudelka ta juyo, ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo hannu ta dafa min kafaɗa.

"Doña, har da ke. Saki."